"Nawa" ɗaya muke da ita a Hausa, me ya sa a Turanci take rabuwa gida-gida?

Dillalin_FarinGada:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga malaman Turanci da ke cikinmu, kuma don Allah a yi min bayani da Hausa, domin na karanta bayanin da Turanci ya fi a ƙirga, bai zauna min ba.

Ni dillalin dankalin Turawa ne da kabeji da karas a kasuwar Farin Gada nan Jos. Da can masu sayen kayana duk suna jin Hausa. Yanzu kuwa na samu wasu mata masu gidajen abinci a Abuja da Fatakwal, da WhatsApp muke ciniki, kuma da Turanci. Jiya na rubuta wa ɗaya daga cikinsu "How much bags do you want?" Ta faɗi adadin da take so, sannan ta ƙara da cewa "many" ake cewa a nan. Ba da wulaƙanci ta faɗa ba, amma abin ya tsaya min a rai. Yau da safe na so in tambaye ta kwana nawa za ta iya jira kafin mota ta cika, na fi minti goma riƙe da waya ban tura komai ba, ƙarshe sai kira na yi.

Mu dai kalma ɗaya muke da ita: kuɗi nawa, buhu nawa, kwana nawa, ƙarfe nawa, sau nawa. Ta yaya mutum zai gane wacce zai ɗauka a Turanci ba tare da ya tsaya dogon tunani ba?

Auwal_POS:
Wa alaikumus salam. Much na kuɗi ne, many na kaya. Haka na riƙe, kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Malamar_Aji_Uku:
Wa alaikumus salam Malam. Tambayarka ita ce wadda ɗalibaina suke yi min duk shekara, kuma mai tambaya ba ya ɓata. Auwal, abin da ka riƙe yana yi maka aiki ne saboda sana'arka kuɗi ce, amma ba ita ce ƙa'idar ba. Ruwa ba kuɗi ba ne, amma "how much water" ake cewa.

Malam dillali, ina so in nuna maka cewa ka riga ka san wannan rabe-raben da Hausa, ba ka lura ba ne kawai. Idan ka shiga kasuwar Katako ka ce wa mai hatsi "shinkafa nawa?", me zai faɗa maka? Farashi zai faɗa. Idan yawanta kake nufi, dole ka kawo ma'auni: mudu nawa, tiya nawa, buhu nawa. Ba ka cewa shinkafa uku, ba ka cewa fetur biyar, sai dai mudu uku, lita biyar. Ke nan a bakinka ma akwai abin da lamba take zama kusa da shi kai tsaye, akwai kuma wanda sai an auna shi tukuna.

To Turanci a nan ya kafa iyakarsa. Abin da za ka iya ɗora masa lamba kai tsaye, buhu uku, kwana huɗu, mota biyu, shi ne mai ɗaukar "how many". Abin da sai da ma'auni, shinkafa, mai, gari, ruwa, shi ne mai ɗaukar "how much". Da zarar ka ambaci ma'aunin kuma ka koma "many", saboda ma'aunin shi kansa yana ƙirguwa. Za ka ce "How much rice?" amma "How many bags of rice?"

Saƙonka na jiya sai ya zama "How many bags do you want?" Na safen nan kuma "How many days can you wait?"

Dillalin_FarinGada:
Malama, Allah ya saka da alheri. Misalin shinkafar nan ya shige ni. Amma kuɗi fa? Babu abin da nake ƙirgawa kullum kamar kuɗi, har yatsana ya yi kanta. Me ya sa shi ba many ba?

Malamar_Aji_Uku:
Gwada shi da Hausa ka gani. Kana cewa "kuɗi ɗari biyar" kana nufin naira ɗari biyar, amma ka taɓa cewa "ba ni kuɗi uku" kana nufin guda uku na wani abu mai suna kuɗi? Abin da kake ƙirgawa naira ce, ko takardun, ko bandir. Kuɗi sunan tarin ne gaba ɗaya. Shi ya sa "how much money", amma "how many notes", "how many bundles".

Yar_Gangare:
Anti, ni ina da ja kaɗan. Kin ce ba a cewa ruwa uku. A shagonmu kullum yara suna zuwa su ce "a ba ni ruwa uku", kuma kowa ya gane.

Malamar_Aji_Uku:
Gaskiyarki ƙanwata, kuma kin kyauta da kika kawo shi. Yaron leda uku yake nufi, ya haɗiye kalmar leda ne don ku duka kun san zancen. Turawa ma suna yin haka a wurin shan shayi, mutum ya ce "two coffees" yana nufin kofi biyu. A irin wannan wurin mai shago zai iya tambaya "How many waters?" babu laifi, tunda kwalabe ko ledoji ake nufi. Amma in ruwan tanki kike tambaya, "how much" ne.

Sani_Unijos:
Bari in ƙara wani abu da na lura da shi lokacin da muke darasin nahawu a Naraguta. Mu idan muka sa "nawa" ko lamba, yawanci sunan yana zama a tilonsa: mota nawa, shekara nawa, gida biyar. Ba lallai ne mu ce motoci nawa ba. Turanci kuwa bayan "how many" dole jam'i. Shi ya sa za ka ji ɗan'uwanmu ya ce "how many year", "how many bag". Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, tsarin Hausa ne ya biyo shi. Abu na biyu, mu "nawa" a bayan suna take zuwa, su kuwa a gaba. Wato mai koyo yana yin aiki uku a lokaci guda: ya zaɓi much ko many, ya juyo da ita gaba, ya kuma sa jam'i. A nahawun Hausa irin waɗannan ƙananan kalmomin da ke fayyace suna, kamar wane, wace, wani, wannan, mafayyata ake kiransu. Su ne Turanci yake da tarinsu.

Baban_Khalifa:
Ku dai kuna wahalar da bawan Allah. Ciniki ya faɗa ko bai faɗa ba? Matar ta gane, ta turo kuɗi, mota ta tashi. A kasuwannin Najeriya "how much be am" ya ishi kowa. Wanda ya gyara maka Turanci, ka tambaye shi ko zai iya faɗin jimla ɗaya da Hausa daidai. Mun daɗe muna jin kunyar abin da ba na kunya ba.

Dillalin_FarinGada:
Yaya, na fahimce ka, kuma ban ce kunya nake ji ba. Amma abin da nake gani shi ne, masu sayen nan suna tura saƙona ga manajojinsu. Wata rana ma an ce in rubuto takardar farashi. Ina son in rubuta abin da idan aka karanta za a ɗauke ni da muhimmanci. Kamar yadda nake tsince ruɓaɓɓen dankali kafin in ɗinke buhu, haka nake son saƙona ya fita.

Nas_Bukuru:
Baban Khalifa, a kasuwa wataƙila maganarka ta zauna, amma a wurin aikinmu harafi ɗaya yana canza magana. Akwai "how much time" akwai "how many times". Na farko tsawon lokaci ne, na biyu "sau nawa". Ina sabuwar fara aiki a wani asibiti, aka kawo wani dattijo da ba ya jin Hausa, 'yarsa ce ke riƙe da ledar magungunansa. Na so in san sau nawa yake shan wani magani a rana, sai na ce "How much time does he take it?" Yarinyar ta yi shiru, sannan ta ce wata biyu. Ta ɗauka tsawon lokacin da ya yi yana sha nake tambaya. Na ga amsar ba ta dace da gurbin da nake cikewa ba, na sake tambaya da nuni da yatsu, sannan ta ce sau uku. Da ban lura ba, da likita ya karanta abin da ba shi ke nan ba.

Tun ranar na haddace su kamar karatun allo. "How many times a day?" sau nawa a rana. "How often?" shi ma kusan haka ne, amsarsa tana iya zama "every eight hours". "How long has he been taking it?" tun yaushe yake sha. "How many tablets?" ƙwaya nawa. Na ruwa kuwa "How much syrup?" ko in sauƙaƙa wa uwa in ce "How many spoons?"

Baban_Khalifa:
Sista, wannan kam na yarda. Harkar lafiya daban ce. Ni maganar kasuwa nake.

Direban_Akwanga:
Ni fasinja ne suka koya min. Shekara da shekaru ina Jos zuwa Abuja, kuma tambaya ɗaya ce ake min iri-iri. Wani ya ce "How many hours to Abuja?", wani ya ce "How long will it take?" Duk amsa ɗaya ce: awa huɗu zuwa biyar, ya danganta da yanayin hanya da cunkoson Mararaba da Nyanya. In mun gangara Hawan Kibo kuma sai ka ji daga baya "How much longer?", wato saura nawa mu isa. Wanda ya taɓa ruɗa ni shi ne "how far". Mu nan gaisuwa ce, ka ce "how far" a ce maka "I dey". Wata rana wani baƙo ya ce min "How far is Keffi?" sai na gane nisa yake tambaya, kilomita nawa. To shi ne na raba su a kaina: far na nisa, long na daɗewa.

Yar_Gangare:
To ƙarfe nawa fa? Ba mu zo kansa ba. A makarantarmu ta firamare "What says the time?" aka koya mana. Har yau shi ke fitowa daga bakina.

Malamar_Aji_Uku:
Mu ma shi aka koya mana, kuma ko'ina a ƙasar nan za a gane ki. Amma abin da za ki ji a bakin mutumin Ingila ko Amurka shi ne "What time is it?" ko "What's the time?" Ki lura a nan "nawa" ɗinmu ba ta zama much ba, ba ta zama many ba, "what" ta koma. Dalili kuwa ba yawa kike tambaya ba, wani gurbi ne a fuskar agogo. Haka in za ki tambayi lokacin tashin mota: "What time does the bus leave?" Haka kwanan wata, mu mu ce "yau nawa ga wata?", su su ce "What's the date today?"

Dattijon_Dilimi:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce take karanto min wannan muhawara, ita ce kuma take rubuta abin da nake faɗa. Mahaifina tankifa ne a wani kamfanin haƙar kuza a wajen Bukuru zamanin Turawa. Aikinsa rubuta lokacin shigar leburori da fitarsu, da kwanakin da kowa ya yi, don da shi ake biyan kuɗin mako. Yana da agogon aljihu mai sarƙa, yana ajiye shi a cikin wani ɗan gwangwani da auduga saboda ƙura. Turancinsa bai da yawa, amma na lokaci da lissafi ya riƙe shi gam.

Abin da ya koya min da ban manta ba shi ne, in Bature ya ce "Have you got the time?" agogo yake so ka duba masa. In ya ce "Have you got time?" babu "the" ɗin nan, to tambayarka yake ko kana da sukuni, akwai aikin da zai sa ka ko maganar da zai yi da kai. Ya ce ya ga wani sabon akawu an tambaye shi na farkon, ya tashi tsaye ya ajiye alƙalami ya ce a shirye yake, alhali ƙarfe nawa kawai ake nema. Ƙaramar kalma ce, amma a wancan zamanin da irinta ake gane wanda za a ba littafi ya riƙe. Ɗana mai dankali, ka ci gaba da tambaya, neman sanin sana'arka ne.

Dillalin_FarinGada:
Baba, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya jiƙan mahaifinku. Wallahi ban taɓa sanin "the" tana da wannan nauyin ba.

Sani_Unijos:
Allah ya jiƙansa Baba. Wannan ma muna da makamancinsa. "Kana da lokaci?" daban, "ka san lokacin?" daban. Ɗan "n" ɗin nan na ƙarshe, wanda ake kira madanganci, yana nuna abin da aka riga aka sani. Ba ko'ina yake daidai da "the" ba, amma a wannan misalin sun yi kusa.

Bahaushe_a_Leeds:
Na tabbatar da maganar Baba, har gobe haka suke faɗa a nan. Wani abin da zan ƙara wa masu shirin tafiya: in Baturen Ingila ya ce maka "half five", biyar da rabi yake nufi, ya yar da "past" ne. Sannan suna yawan cewa "a couple of days" da "a few days". Na farko kwana biyu ne ko kusa da haka, na biyu 'yan kwanaki.

Game da maganar Baban Khalifa kuwa, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, ciki har da "okada" da "Kannywood" da "next tomorrow". Wannan na ƙarshen jibi ke nan. Su sai sun ce "the day after tomorrow", mu kuwa muna da jibi, da gata, da citta, kowace kalma ɗaya tak. Don haka ba kowane abin da ya bambanta da nasu ne kuskure ba. Amma much da many ba sa cikin wannan sahun. Ko a Legas ka rubuta "how much bags" mai karatu zai gani.

Baban_Khalifa:
To ka ga ni. Wata rana "what says the time" ma za su sa shi.

Malam_Lesson:
Ko sun sa, mai duba takardar WAEC ko NECO da biro ja yake zaune. Ni yaran da ke shirin jarrabawa nake koyarwa da yamma a Unguwar Rogo, kuma inda suka fi zubar da maki ba shinkafa da ruwa ba ne, waɗannan kowa yana ganewa. Matsalar ita ce kalmomin da a idonmu suna ƙirguwa amma Turanci ya ce a'a. Kujera da tebur da gado ana ƙirga su, amma "furniture" ba ta ɗaukar jam'i. Haka "luggage", "equipment", "information", "advice", "news". Mu muna cewa shawarwari, bayanai, labarai, kayayyaki, duk da jam'insu, sai yaro ya ɗauko ya rubuta "advices" da "equipments". A tashar jirgi za a ce maka "How much luggage do you have?" ko "How many bags?" Kaya ɗaya ne, kalmar da aka zaɓa ce take yanke hukunci. Gwajin da Malama ta bayar na ɗora lamba da Hausa yana aiki a mafi yawan wurare, amma a waɗannan zai yaudare ka. Su sai hadda.

Malamar_Aji_Uku:
Na karɓi gyara Malam. Gwajin ƙofar shiga ce kawai. Wanda ya saba da shi sai ya riƙe waɗannan 'yan tsirarun daban. A ƙamus mai kyau na masu koyo za a ga an sa harafin U ko C kusa da suna, shi ke nuna marar ƙirguwa da mai ƙirguwa.

Maman_Ilham:
Ni abin da ya fi ɗaure min kai wake ne. Ina sayar da abinci a bakin Terminus. Shinkafa ƙwayoyi ce, wake ma ƙwayoyi ne, a tukunya ɗaya nake dafa su. Amma "rice" ba jam'i, "beans" kuma da jam'i. To in na tambayi mai saye, "how much beans" zan ce ko "how many beans"? In na ce many ai kamar ina so ya ƙirga min ƙwayar ne ɗaya bayan ɗaya.

Malam_Lesson:
Hajiya, kin taɓo wuri mai wuya. A ƙa'ida "beans" jam'i ne, don haka littafi many zai ba shi. Amma yadda kika ji shi wani iri, haka yake, kuma a nan ƙasar "how much beans" kusan kowa ke cewa. Mafita mai tsabta ita ce ki kawo ma'auni: "How many spoons of beans?" ko "How many plates?" A kasuwa kuma "How many mudus?" Babu wanda zai ɗaga miki gira.

Maman_Ilham:
To ai mu "na nawa za a zuba?" muke cewa. Shi fa?

Malam_Lesson:
Wannan kuɗi kike tambaya, wato abincin nawa. A Turancin littafi amsar takan zo kamar "five hundred naira's worth", tambayar kuma "How much do you want to spend?" A bakin tukunya dai "How much own?" za ki ji, kuma ya isar.

Sani_Unijos:
"Na nawa" tana da wata fuskar da Turanci ba shi da kalma ɗaya a kanta. Misali "kai ne na nawa a gidanku?" ko "ka zo na nawa a aji?" Mu mun gama da kalma biyu. Su sai sun zagaya: "What position did you come?" ko su tambayi yayye nawa gare ka. Haka "nawa nawa ne?", mu maimaitawa kawai muka yi, su sai sun ce "How much each?" ko "How much are they each?" Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka Hausa ce ta gaza. Kowane harshe da inda ya yi tsanani da inda ya sassauta.

Auwal_POS:
Na janye maganata ta farko. Amma data fa? Masu sayen kati suna cewa "how many data".

Yar_Gangare:
"How much data", amma "how many gig". Anti, na ci?

Malamar_Aji_Uku:
Kin ci ƙanwata. In rubutu ne ki sa jam'in, "gigabytes".

Hajiya_Rayfield:
Tunda an zo nan, a taimaka min da "some" da "any". Ina aiki a teburin karɓar baƙi a wani masauki. An ce mana "any" ake sa wa a tambaya, amma kuma shugabarmu tana cewa "Would you like some tea?" Wanne ne daidai?

Malamar_Aji_Uku:
Duka biyun Hajiya. In ba ki san amsar ba, kina bincike ne ko akwai ko babu, "any" ce: "Are there any rooms left?", "Do you have any luggage?" In kuwa tayi kike yi, ko roƙo, kina sa ran a ce e, sai "some": "Would you like some tea?", "Can I have some water?" Kamar bambancin "akwai wani abinci kuwa?" da "bismillah, ga abinci". Na biyun da fara'a yake zuwa.

Sannan ki kula da "a few" da "few", da "a little" da "little", tunda baƙi za su riƙa faɗa miki. "A few rooms" akwai 'yan ɗakuna, labari ne mai daɗi. "Few rooms" kuwa ƙorafi ne, ɗakunan sun yi kaɗan. Few na abin da ke ƙirguwa ne, little na marar ƙirguwa, layi ɗaya da many da much. "A few minutes", amma "a little time".

Bahaushe_a_Leeds:
Su kansu masu harshen suna rigima a kan ɗan'uwan wannan, wato "less" da "fewer". A manyan kantuna a nan za ka ga an rubuta "10 items or less" a layin masu sauri, masu tsaurin nahawu suna cewa "fewer" ya kamata. Har yau ba a gama ba.

Direban_Akwanga:
Tambaya ɗaya. Fasinja ya kira ni zai yi bukin, in ce "What day" ko "Which day"?

Malam_Lesson:
In ranakun a buɗe suke, "What day do you want to travel?" In ka riga ka ba shi zaɓi, ka ce mota tana tashi Litinin da Alhamis, sai "Which day?" Which tana zuwa ne in an taƙaita zaɓin, kamar "wanne daga ciki". A magana ta yau da kullum mutane suna cakuɗa su, babu wanda zai rasa gane ka.

Dillalin_FarinGada:
Jama'a na dawo. Na ɗauko bayan wani tsohon rasit na rubuta waɗanda nake buƙata kullum, na liƙa a jikin sikeli. Malama da Malam ku duba min:

How many bags of potatoes do you want?
How many baskets of tomatoes?
How much cabbage do you need?
How long can you wait?
What time should the driver call you?

Na kabejin ne nake shakka, don wani lokaci da buhu ake saye, wani lokaci da ƙwaya.

Malamar_Aji_Uku:
Duka biyar daidai suke Malam. Kabeji yana cin tudu biyu. In yawansa gaba ɗaya kake nufi, "how much cabbage". In ƙwaya-ƙwaya ne, "how many cabbages" ko "how many heads of cabbage". In buhu ne ka riga ka sani.

Baban_Khalifa:
Ni har yanzu ina nan a kan bakana cewa kira ya fi rubutu saurin kashe ciniki. Amma na kwafi na direban, zai yi min amfani.

Dillalin_FarinGada:
Yanzu direba ya kira ni daga Bokkos, ruwan sama ya hana su lodi, kayan ba za su iso ba sai an ƙara kwana biyu a kan wanda na faɗa wa matar. Yaya zan tambaye ta ko za ta iya ƙara haƙurin kwana biyun? "More two days" ne?

Malam_Lesson:
Juya su: "Can you wait two more days?" Ko ka ce "another two days", duk ɗaya ne.

Nas_Bukuru:
Ka fara da ba ta haƙuri da faɗin dalilin tukuna, sannan tambayar ta biyo baya.

Dillalin_FarinGada:
Na tura. Ta ce babu damuwa, amma a ƙara mata buhu biyu na karas.